Daddawa Mai Yatsa Uku

'Yan'uwana matan ajin manya na Dutsin-Ma, kun dame ni da tambaya. In mun tashi daga karatu sai wata ta kama gefen mayafina ta ce, "Inna Salamatu, wai yaya ƙasar Faransa take?" In na buɗe baki sai in rasa ta inda zan fara, in ce maku lafiya lau, mutane ne kamar mu. Ku ce rowar labari nake yi. Ba rowa ba ce. Ni kaina ban gama gane tafiyar ba. Malamarmu ta ce abin da baki ya kasa jerawa hannu yakan jera shi, don hannu ba ya sauri. To ga shi na gwada.

Shekara biyu bayan an sami mulkin kai, da tsakiyar damina, maigidana ya rasu a Wurma. Na shiga takaba. Ina cikin wata na biyu sai wani falke mai kai goro arewa ya tsaya a ƙofar gida, ya aiko a gaya mani ɗiyata ta fari ta rasu a Maraɗi, can ƙasar da muke ce ma Faransa, wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Mai takaba ba ta tafiya. Uwa kuma ba ta kukan ɗan fari a gaban mutane. Na ce Allah ya jiƙan musulmi, na ci gaba da tsince waken da ke gabana.

Kun san al'adarmu ta kunyar ɗan fari, mu masu jinin Fulani ma tamu ta fi tsanani. Tun da na haifi yarinyar nan ban taɓa faɗin sunanta ba. Ana yaye ta aka ba Goggo Dije, yayar maigidana, wadda ke aure a Maraɗi. Can ta girma, can aka yi mata aure. Sau ɗaya ta zo ta zauna da mu, shekara biyu, tana 'yar goma sha ɗaya, lokacin da Goggo ta yi doguwar jinya. Sana'ata daddawa ce tun ina amarya, kuma duk kasuwar Kurfi an san tawa, don in na mulmula na baje sai in danna yatsu uku a tsakiya, kamar yadda kakata ke yi. Yarinyar takan tsaya nesa tana kallo. Ba dama in kira ta in koya mata, sai in yi magana da tukunya. In ce, "Kalwa dai in ba ta kwana a wuta ba, ba ta sakin ɓawo." In ce, "Wanda ke kusa ya ƙara itace." Sai in ga itace ya ƙaru. Iyakar hirarmu ke nan, ni da ita, a duniya.

Da na fita takaba, ɗana Lawal, malamin gona, ya ɗauko ni ya kawo ni nan Dutsin-Ma. Matarsa Binta yarinyar kirki ce, kirkinta ne ma ya kusa kashe ni. In na ɗauki tsintsiya ta karɓe. In na nufi murhu ta ce hayaƙi zai ɓata mani ido. Na tambayi Lawal tukunyar daddawata, ya ce, "Inna, kin yi naki. Ki huta." Na huta har na daina sanin ranar da ake ciki. Shekaruna sun kai hamsin ko sun ɗan gota, ƙarfina na nan, haƙorana na nan. In na sallame sallar walha sai in zauna ina duban tafin hannuna. Mijina ya tafi, wadda na fara haifa ta tafi, ni me aka bar ni in yi?

Ran nan na ce ma Lawal zan je Maraɗi gaisuwa. Ya ce ai ya aika da gaisuwa tun tuni ta bakin falken nan. Na ce zan je. Ya ce Goggo Dije ta rasu, wa na sani can? Na ce zan je. Da ya ga ba ni da wata magana sai wannan, ya rubuta sunan surukina da na unguwarsu a takarda ya ba ni. Lokacin ban san ko baƙi ɗaya ba. Ya haɗa ni da Hajo, maƙwabciyarmu mai kai tabarmi kasuwar Jibiya.

Muka shiga bayan wata babbar mota mai zuwa Katsina, mu da buhuna da wani tsoho mai akurkin kaji. Hajo mace ce mai murya, ga taba a baki. Tun kafin mota ta tashi ta san sunan kowa da abin da ya fito da shi. Da muka zo inda hanyar Wurma ta rabu ta zungure ni ta ce, "Ga hanyar gidanku." Na dubi ƙafafuna har muka wuce.

Mun ɗan gota Kurfi sai taya ta fashe. Motar ta karkata, akurki ya faɗi, ƙofarsa ta ɓalle, kaji suka watse cikin karan dawa. Tsohon ya tsaya yana salati. Ban san lokacin da na ɗaure mayafi a ƙugu na bi wata wake-wake ba. Na kama ta gindin sabara, na kawo mashi. Ya ce, "Allah ya yi maki albarka, baiwar Allah." Hajo ta ce, "Kai, tsohuwar nan ashe da sauranki!" Ku yi dariya in kun so, amma kazar nan ita ce aikin farko da aka bar ni na gama cikin wata uku.

Muka sauka Katsina da la'asar, gidan wata ƙanwar Hajo kusa da tasha. A nan na sayi goron gaisuwa, mai goro ya naɗe mani shi cikin ɗanyen ganye. Hajo ta yi ta ba ni labarin ɓarayin tasha, wai suna kwance bakin zane mutum bai ji ba. Tsoro ya kama ni saboda takardar Lawal. Na ce ɓarawo bakin zane zai nufa, ba ganye ba. Sai na cusa ta tsakiyar goron. Da safe Hajo ta ce, "Ki yayyafa ma goronki ruwa kar ya bushe." Na yayyafa, har na ƙara.

A Jibiya Hajo ta sauke tabarminta, ta sa ni wata mota. Ta ce, "Daga nan sai ke da Allah. In mai kaki ya yi maki magana kar ki yi gardama. In kin ji sun ce awo, i suke nufi."

Na ɗauka iyakar ƙasa ganuwa ce, ko kogi. Ashe wani dogon ƙarfe ne aka gitta a hanya, da 'yar rumfa. Karan geron wannan gefe da na wancan duk ɗaya, har awaki na ratsawa ta ƙarƙashin ƙarfen ba mai tambayarsu. Mu aka sauke. Jandarma biyu ne, yaro da babba. Yaron ya zo kaina.

"Iya, ina za ki?"

"Maraɗi, gaisuwar mutuwa."

"Wa ya mutu?"

"Wata yarinya."

"Mi sunanta?"

Na kau da kai. Ya sake tambaya da ƙarfi, yana zaton kurma ce ni. Na tuna da takarda, na kwance goro a gabansa na zaro ta. Ta jiƙe sharkaf, tawadar ta bi ta zama shuɗi ɗaya. Ya ɗaga ta sama ya juya, ya ce, "Wanga takarda ce ko rini?" Mutanen mota suka fashe da dariya. Babban ya taso daga rumfa, ya dube ni ya ce a hankali, "Ɗiyar fari ce?" Na sunkuyar da kai. Ya ce ma yaron, "Bar ta ta wuce. Kai ma uwarka ba ta san sunanka ba." Ya ɗauki goro ɗaya ya ce Allah ya jiƙanta.

Muna wuce ƙarfen sai direba ya bar hannun hagu ya koma dama. Na hango wata mota tana tahowa, na ce shi ke nan, mutumin nan barci ya kwashe shi. Na kama wata mata da ke kusa da ni ina kalmar shahada. Ta ɓamɓare hannuna ta ce, "Iya, nan haka ake tafiya." Mota ɗaya, direba ɗaya, hanya ɗaya, amma abin da yake daidai ɗazu yanzu shi ne ganganci. Na yi ta juya wannan a raina har Maraɗi, ban kai ƙarshensa ba.

A tashar Maraɗi kowa ya kama gabansa, na tsaya da ƙullina. Wata mai tuwo, Tsahara, gajeriya mai zane-zane a kunci, ta gan ni tsaye har inuwa ta juya. Ta ce, "Baƙuwa, ke dogarin tasha ce? Zo ki zauna." Tana da ɗaki a bayan rumfarta inda mata matafiya ke sauka. Da ta ji daga ƙasar Katsina nake, ta dubi hancina ta ce, "Bafillata! Kakanninku sun kore mu daga Katsina, ke kuma kin biyo mu har nan ki ci tuwonmu." Na ce ni ban kori kowa ba. Ta ce, "Ci dai, mun yafe."

Abincinsu da rana fura ce, babba da yaro, mai kuɗi da talaka, sai dare ake tuwo. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ga tauri, ana saƙale shi a hammata ba ko takarda. Matan aure na fita kasuwa su zauna su yi ciniki da bakinsu, wasu ma a kan jaki. Duk wannan bai dame ni ba. Miya ce ta dame ni. Ɗorawa ba ta da yawa can, da 'ya'yan yakuwa suke daddawa, batso. Na kai loma ɗaya na ajiye. Tsahara ta ce, "Ƙaƙa?" Na ce lafiya lau. Ta ce, "Fuskarki ba ta ce lafiya lau ba."

Na gaya mata abin da ya kawo ni, da yadda takarda ta yi. Ta ce ba komi, ita za ta riƙa faɗin sunaye, in ta dace in ɗaga kai. Na suruki bai ba ta wuya ba, a na biyu ta ce Mamman, na ɗaga kai. Na ce baduku ne. Ta tafa hannu ta ce, "Mamman baduku a Maraɗi! Ki jefa dutse bayan kowace katanga, kan Mamman zai faɗa." Ta koma kan na yarinyar. Hadiza? A'i? Habsu? Zinatu? Rakiya? Masu cin tuwo suka sa baki, kowa na jefo sunan uwarsa da na ƙanwarsa. Ina ta girgiza kai. Sunan na nan kan harshena kamar garwashi, ba wanda ya dace da shi. Can Tsahara ta gaji ta ce, "Ke baiwar Allah, mata nawa aka halitta? Ki faɗa mani a kunne mana, ba mai ji." Na matsa kusa da kunnenta, na buɗe baki. Iska kawai ta fito.

Washegari ta sa wata dattijuwa ta raka ni unguwar dukawa, muna tambayar gidan Mamman da aka yi rasuwar mace da damina. Aka nuna mamu wani gida. Na yi sallama, aka shimfiɗa mani tabarma, na ajiye goro na yi gaisuwa. Matan gidan suka amsa, suka ce marigayiya ai mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa faɗa da kowa ba. Suka nuna mani ɗakinta da turminta. Ina ganin turmin sai abin da na riƙe wata shida ya ɓalle. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da maigidana ya rasu. Suka kama ni suna ba ni haƙuri, su ma suna hawaye. Da na natsu sai ɗaya ta ce, "Allah sarki, tare kuka yi 'yan matanci?" Ashe tsohuwa ce ta mutu, uwar maigidan, mai shekara tamanin.

Ban iya ce masu na yi ɓatan kai ba. Na ce i, tare muka yi. Na bar masu goron na fito. Har yau ban san ko kukan nan an rubuta ma ɗiyata shi ko tsohuwar mutane ba.

Rana ta biyu muka shiga gida biyu, duk ba su ba ne. Goro ya kusa ƙarewa. Na ce ma Tsahara gobe zan koma. Na zo in yi abu ɗaya, shi ma na kasa. Gara in je in zauna inda aka ajiye ni.

Da hantsi ina ɗaure ƙullina sai ta shigo ta ce, "Kafin ki tafi ki ci miya ɗaya ba ki ɓata fuska ba. Ga irin ta ƙasarku, wata yarinya ke kawowa." Ta miƙo mani daddawar kalwa guda biyu. Ba ta yi baƙi sosai ba, gefenta ya tsattsage. Na juya ta. A tsakiya akwai wurin yatsu uku, ƙanana, ko rabin nawa ba su kai ba.

Na ce, "Ina yarinyar?"

Tana bakin rumfa da faranti a ka, 'yar kamar shekara tara, siririya, zanenta ya yi mata yawa.

Na ce, "Ke, wa ya yi wannan?"

"Ni."

"Wa ya koya maki?"

"Innata."

"Tana ina?"

"Ta mutu." Ta dube ni sama da ƙasa. "Za ki saya ko tambaya za ki yi?"

Na gutsura na ɗanɗana. Akwai ɗaci, ba a bar ta ta nuna ba. Na ce, "Kwana nawa kika rufe ta?" Ta ce ɗaya. Na ce uku ake yi. Ta ce, "Innata ma haka take cewa, amma ni ina buɗewa in duba." Na zauna a kan turmin Tsahara. Na ce ta kai ni gidansu. Ta ce sai ta sayar. Tsahara ta kwashe abin da ke farantin duka ta ce, "An sayar. Wuce ki kai ta."

Gidan ba ya ma cikin unguwar dukawa, yana can bayan marina. Muka tarar da wata tsohuwa tana kaɗi, ita ce Hassu, uwar surukina. Na gaishe ta, na ajiye ɗan goron da ya rage, na ce daga Wurma nake, ni na haifi matar gidan nan da ta rasu. Ta ajiye mazari.

Ta ce, "Mun san Dije riƙo ta yi. Amma ba mu taɓa ganin kowa ba, ko da biki ko da suna. Ita kuma ba ta taɓa maganar ba. Mun ɗauka uwar ta mutu." Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi. "Ke mi sunanki?"

Na ce, "Salamatu."

Yarinyar ta juyo da sauri. Hassu ta rufe baki da hannu. Ta ce, "Sunan yarinyar ga ke nan. Dije ta kawo shi ranar suna. Marigayiya ba ta taɓa kiranta da shi ba, sai Uwani, sai Uwani. Ashe kunyar uwa take yi."

Ban san abin da ya kamata in ji ba. Shekara tara ɗiyata tana goya sunana a bayanta, tana yi mashi wanka, tana ba shi abinci, ni ina Wurma ina zaton ko kamannina ta manta.

A ɗakin marigayiyar akwai rabin buhun kalwa da ta saya ba ta kai ga dafawa ba. Shi Uwani ke ɗiba kaɗan kaɗan. Hassu ta ce su batso suka iya, sun bar yarinyar ne don in tana yi ba ta kuka. Ban tambayi kowa ba. Da asuba na wanke babbar tukunya na ɗora. Ba wanda ya ce in huta.

Kalwa ta wuni ta kwana a wuta. Da safe muka zuba a turmi da toka muka surfa, muka kai bakin rijiya muna wankewa, ɓawo na tasowa muna kwashewa. Na ji bakina ya fara abin da ya saba, na ce, "Kalwa dai in ba a wanke ta sau uku ba..." Uwani ta ce, "Da wa kike magana?" Na ce da kalwa. Ta yi dariya ta ce, "Innata ma da tukunya take magana. Ni ga ni nan, ki gaya mani mana, tsohuwa." Sai na juya na dube ta, na gaya mata.

Muna cikin wanki na uku ta ce, "Wai da gaske ke kika haifi Innata?"

Na ce da gaske.

"To mi sunanta?"

"Ai kin sani."

"Na sani. So nake in ji. Tun da ta mutu kowa marigayiya yake cewa. Baba ma haka. Kamar ba ta da suna."

Jandarma ya gane ni ya ƙyale ni. Tsahara ta gaji ta ƙyale ni. Hassu ko tambaya ba ta yi ba, don ita ma uwa ce. Wannan ba ta san kunya ba, uwarta kawai ta sani. Ta tsaya da hannu cikin ruwa tana jira. Na duba, ba kowa bakin rijiyar sai mu da wata akuya.

Na ce, "Saudatu."

Ƙasa ba ta tsage ba. Muryata ce dai ta fito kamar ta wata. Shekara talatin da ɗoriya sunan na cikin bakina, ashe gajere ne haka.

Uwani ta ce, "Ba mai ce mata haka. Saude ake cewa."

Na ce, "Saude."

Ta ce, "Yawwa," ta ci gaba da wanki.

Muka sake dafawa, muka tsane, muka zuba a kwando muka rufe da ganye da tsumma. Kwana ukun nan gadin kwandon na yi, don da na juya baya sai in ga ɗan hannu ya nufi tsumma. Ran na uku warin ya cika gida, har maƙwabta suka leƙo suna cewa ko Saude ta dawo. Muka kirɓa muka mulmula. Ita ta danna nata yatsun, ni na danna nawa, muka shanya a kan zana.

Kwana ashirin na yi. Surukina mutum ne mai shiru, daga zaure yake gaishe ni, ni ina daga ciki. Na roƙi Hassu ta tambaye shi ko zai ba ni Uwani in riƙe. A raina na gama shirya komi, har inda za ta kwanta. Na ce wannan ne dalilin da aka bar ni. Hassu ta dawo ta ce ya ce in yi haƙuri, ita kaɗai ta rage mashi. Ya kuma ce uwarta ta girma nesa da tata uwar, ba ya son ita ma ta girma nesa da ubanta. Gaskiya ya faɗa.

Na koma ɗaki na rasa inda zan sa kaina. In ba don in ɗauke ta ba, me ya kawo ni? Hassu ta biyo ni da mazarinta ta zauna. Tana kaɗi ta ce, "Buhun nan ya kusa ƙarewa. Ta kasuwarmu tsada gare ta, rabi kuma tsakuwa. An ce ƙasarku ɗorawa har awaki ke ci." Na ce haka ne. Ta ce, "To." Ta ci gaba da kaɗinta.

Ran da zan taho Uwani ta raka ni tasha. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "In za ki dawo kar ki kawo mai ƙwari." Tsahara ta cusa mani burodin nan mai kama da sanda, ta ce in kai ma Fulanin Katsina su ga abin da suka rasa. A iyaka mota ta koma hagu, ban kama kowa ba.

Da na iso Lawal ya ce, "Inna, kin rame. Yanzu sai ki zauna ki huta." Na ce ya aika Wurma a kawo mani tukunyata da turmina. Ya ce warin fa, ga maƙwabta ma'aikata. Na ce in warin ya dame shi akwai ɗakina a Wurma, bai rushe ba. Ya dube ni kamar bai san ni ba. Bayan kwana biyu jaki ya kawo tukunya. Binta ce ma ta fara cewa in nuna mata yadda ake surfe.

Tun daga nan, in bazara ta yi ɗorawa ta nuna, nakan je Wurma da Shema in bi gidaje in tara kalwa, in tsince ta ɗaya ɗaya. Rabi in yi daddawa, rabi in ɗinke a buhu. Na koma Maraɗi sau uku. Babban jandarman nan ya san ni, in ya gan ni sai ya ce, "Uwar mai suna, ina takarda?" Ajin nan ma abin da ya sa na shigo ke nan, don kar in sake riƙe takardar da ban san abin da ke cikinta ba.

Tsofaffi na cewa daddawa ta fi son hannun macen da ta daina ganin wata, wai a hannunta ba ta lalacewa. Da ina ɗauka lallashi ne irin wanda ake yi ma tsohuwa. Yanzu ban sani ba. Ban sani ba kuma ko don buhun kalwa aka ɗauke mutum biyu aka bar ni. In na faɗa haka sai in ji abin ya yi ƙanƙanta. Amma akwai yarinya a bayan marina da ke ƙirga watanni, kuma har yanzu tana buɗe kwando kafin kwana uku.

Kun tambaye ni yadda ƙasar Faransa take. Ga abin da na gani, ban ɓoye maku ko kukan gidan mutane ba. Wadda za ta ce na yi rashin kunya da na rubuta sunan ɗiyar fari, ba zan yi gardama da ita ba, wataƙila gaskiyarta. In ta ɗaga hannu a sallarta dai ta sa da Saude.

Zan tsaya nan. Kalwa na kan wuta, kuma ba wanda ke kusa da zai ƙara itace sai ni.